Tambaya da Amsa: Katin Girafik Yana Rage Gudu Ana Tsakiyar Wasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da na haɗa domin wasanni shekara uku da suka wuce, tana ɗauke da katin girafik (na'urar da ke sarrafa hotuna) RTX 3060, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 da RAM mai gigabait 16. Da farko komai yana tafiya sumul, amma yanzu idan na fara wasa, minti 15 na farko lafiya lau, daga nan sai hoton ya riƙa sarƙewa, fankoki kuma su yi ta ƙara. Wani abokina ya ce katin ya tsufa, in nemi sabo. Shin haka ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina roƙonka ka dakata da batun sabon kati tukuna, domin bayanin da ka yi bai nuna tsufa ba. Katin da ƙarfinsa ya gaza zai nuna gazawar tun daga sakan na farko, ba zai jira kwata na awa ba. Abin da ke taruwa a hankali yayin da ake wasa shi ne zafi, don haka shi nake fara zargi. Sai dai zargi ba hujja ba ne, kuma a wannan fanni akwai hanyar da za ka gani da idonka.

Ka sauke manhajar MSI Afterburner, wadda kyauta ce kuma tana aiki da katin kowane kamfani, ka saita ta ta riƙa nuna maka abubuwa huɗu a kusurwar allo yayin da kake wasa: zafin katin, gudun agogonsa (wato saurin da yake aiki da shi), kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa ake amfani da shi, da kuma zafin furosesa. Ka rubuta lambobin a minti na biyu, ka sake rubuta su a lokacin da sarƙewar ta fara. Bambancin da ke tsakanin rubutun biyu shi ne zai faɗa maka inda matsalar take.

Katin RTX 3060, wanda Nvidia ta fitar a 2021, yana jan wutar da ta kai wat 170, kuma kusan dukkanta zafi take komawa. An saita shi ya riƙe kansa a wajen digiri 83 na ma'aunin Salshiyos, idan ya kai nan sai ya rage gudun agogonsa da kansa domin kada ya lalace. Gudun da kamfanin ya ayyana masa shi ne megahaz 1,777, kuma kati mai samun iska yakan wuce haka a cikin wasa. Saboda haka idan ka ga zafi ya tsaya cak a kan 83 ko sama, agogo kuma yana gangarowa, to ka kama ɓarawon.

Maganin farko shi ne shara. Ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta, ka buɗe murfin gefe, sannan ka haska fitila tsakanin siraran ƙarafan da ke bayan fankokin katin. A kwamfutar da ta shekara uku ba a buɗe ba, sau da yawa za ka tarar ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga mai toka-toka, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya, ta yadda fanka ke ta juyawa amma iskar ba ta ratsa ƙarfen. Ka hure ta da gwangwanin matsattsiyar iska, kaɗan-kaɗan, kana riƙe da fiffiken fankar da yatsa domin kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kada ka manta da ragar tace ƙura da ke gaban akwatin da ta ƙasansa. Bayan haka ka gwada wasan da murfin a buɗe. Idan zafin ya sauka sosai, to iska ce ba ta zagayawa a cikin akwatin, kuma ƙarin fanka ɗaya ko biyu zai wadatar.

Idan ƙura ta fita amma zafin bai sauka ba, sai a duba man da ake shafawa tsakanin guntun katin (wato ƙwaƙwalwarsa, GPU) da ƙarfen sanyaya shi, wanda yakan bushe ya tsattsage da daɗewa. Manhajar GPU-Z tana nuna zafin wuri mafi zafi a kan guntun. Tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninsa da zafin gaba ɗaya ba abin damuwa ba ce, amma idan ta haura 25, alama ce mai ƙarfi cewa man ya gama aiki. Wannan gyara yana buƙatar kwance katin, kuma a ganina wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa gwani, domin akwai lallausan faifai masu ɗauke zafi a kan ma'adanar katin da suke yagewa cikin sauƙi.

Akwai kuma yiwuwar katin ba shi da laifi ko kaɗan. Idan sarƙewa ta zo amma ka ga aikinsa ya faɗo daga kashi 98 zuwa 60, zafinsa kuma daidai, to jira yake yi, furosesa ce ta kasa ba shi aiki a kan lokaci. Ita ma tana rage gudu idan ta doshi digiri 100, kuma shara da sabon mai ne maganinta. Ka leƙa Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka ga ko wata manhaja tana cin ƙarfinta a ɓoye. Idan kuwa matsalar ta faro ne bayan sabunta direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, ka goge shi kakaf da manhajar DDU, sannan ka ɗora sabo daga shafin Nvidia.

Lokacin da maganar abokinka za ta zama gaskiya shi ne idan katin yana aiki kashi 99, zafinsa bai kai iyaka ba, agogonsa bai motsa ba, amma hotunan da yake fitarwa a sakan ɗaya ba su ishe ka ba. Ko a nan ma, kunna DLSS (fasahar Nvidia mai ƙara yawan hotuna a sakan) da kashe fasahar bin haske (ray tracing) a saitin wasan sukan ƙara gudu ƙwarai.

TAMBAYA: Malam, ni tawa sabuwa ce fil, amma tun ranar farko wasanni ba sa wuce hoto 15 a sakan. Ina mafita? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, ki fara duba bayan akwatin. Idan wayar allon kallo tana sama, kusa da ramukan USB, to a jikin babban allon kwamfutar (motherboard) aka soka ta, kuma ƙaramin girafik na cikin furosesa ne yake ɗaukar nauyin wasan. Ki mayar da ita ramin HDMI ko DisplayPort da ke ƙasa, a jikin katin kansa. Ki kuma tabbatar katin yana zaune daram a dogon ramin farko mafi kusa da furosesa, an soka masa wayar wutarsa har ta yi ƙas, sannan an ɗora masa direbansa.