Tambaya da Amsa: Na ba su riga-kafi amma suna ta mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da kajin ƙwai 150 a bayan gida, tunda hunturun nan ya shigo suka fara kashi kore-kore, suna numfashi da ƙyar kamar masu minshari, wasu wuyansu ya murɗe suna ta kallon sama, a kwana huɗu na rasa 40, kuma wallahi watan jiya na ba su Lasota. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa musu ja-da-yalo da barkono. Meye abin yi?
Daga wata uwargida a Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Yadda kika zayyano ɗin nan ya fi kama da fakat, ciwon da likitoci ke kira Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gane shi kusan shekara ɗari da ta wuce. Lokacin hunturu ya fi yin ɓarna a wajenmu. To amma ni daga nan bazan yanke hukunci ba, domin murar tsuntsaye ma haka take faɗowa, ita kuma ba abin wasa bace, a 2006 ne aka fara tabbatar da ita a Najeriya a wata gona a jihar Kaduna. In kin ga zankonsu ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafunsu sun yi ja kamar jini ya kwanta, ko lafiyayyar kaza ta faɗi ta mutu nan take, yau ɗin nan ki kira likitan dabbobi na gwamnati, kar ki jira gobe.

Maganar Lasota kuma, wato riga-kafin fakat ɗin, nan ne mutane ke shan mamaki. Ƙwayar cutar ce a cikin kwalbar da ranta, an dai raunana ta ne, zafi kaɗan ya kashe ta. A ina kika saya? Firij ɗin shagon na da wuta kuwa? Kin ɗauko ta cikin ƙanƙara ko a jaka kika jefa ta kika biya kasuwa kika yi cefane? Sannan wane ruwa kika haɗa da shi, domin ruwan famfo mai kulorin shi ma kashe ta yake. Ki samu ruwan rijiya ko na burtsatse mai sanyi, ki ɗan zuba garin madara mara maiƙo, ki janye musu ruwa kamar awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don su ji ƙishi, kuma su shanye cikin awa biyu. Wanda ya kwana a mazubi ruwa ne kawai. Kajin ƙwai kuma maimaita musu ake yi akai-akai, likitanki zai tsara miki jadawali.

Ja-da-yalo bai kashe fakat, kuɗinki kawai za ki ƙona, gashi ya sauka cikin ƙwan da yaranki za su ci. Barkono kuwa, ki gaishe min da maƙwabciyar taki.

Abin da ya rage yanzu shi ne ki ware marasa lafiyar, ki ba sauran bitamin a ruwa, matattun ki haƙa rami mai zurfi ki binne, kar a jefa a bola kare ko shaho ya kai wa maƙwabta. Kuma dan girman Allah kar a kai marasa lafiyar kasuwa. Ki tuna kuma, ba a kawo miki wata kaza kyauta ko kin sayo zakara kwanan nan ba? Dillali bai shiga har cikin keji da takalminsa ba? Sabuwar kaza sati biyu take yi a keɓe kafin ta gauraya. Kajin Hausa da ke yawo a tsakar gida su ma a yi musu riga-kafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin wata da ake kira I-2, ta fi jure zafi, ɗigawa ake yi a ido.

TAMBAYA: Malam buroilana sati uku suna kashin jini, sun takure wuri ɗaya fuka-fukai a ƙasa.
Daga wani matashi a Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa duba shimfiɗar kejinka tukuna, na san a jiƙe take. Wannan alamar kosidiyosis ce, ƙwayarta a danshi take hayayyafa ta cinye musu hanji. Ka nemi amfuroliyom a shagon maganin dabbobi ka bi ƙa'idar da ke jikin leda, kar ka tsaya a kwana biyu don ka ga sun fara ci. Kwashe buntun da ya jiƙe ka zuba busasshe, ka ɗaga mazubin ruwan daidai bayansu ya daina zuba. In kuma kashin fari ne mai ruwa-ruwa suna tsattsagar duburarsu, to cutar Gumboro za ka zarga, ita amfuroliyom bai yi mata komai, sai ka kai wa likita gawa ɗaya ya buɗe ya gani.