Daga Dubai zuwa Guangzhou: awa nawa ce, kuma tafiyar za ta biya?

Wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce shekara huɗu ke nan yana saro kaya a Deira ta Dubai, yanzu yana so ya zarce Guangzhou ta ƙasar Sin a tafiya ɗaya, tunda an ce masa duk Asiya ce. Yana son sanin nisan, da ko jarinsa zai ɗauka.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wanda ya ce maka kusa ne bai kyauta maka ba. Daga filin jirgin Dubai zuwa na Baiyun a Guangzhou kimanin kilomita 5,800 ne. Jirgin da ba ya yada zango, irin na Emirates ko China Southern, yakan yi awa bakwai da ɗoriya a zuwa, a dawowa kuwa ya kai takwas ko ya ɗan wuce, domin iskar sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. Sannan agogon Sin ya riga na Dubai da awa 4, na Kano da awa 7. Idan ka tashi da ƙarfe goma na safe, sai wajen tara da rabi na dare za ka sauka. Ranar ta tafi ke nan. Washegari ma za ka shiga kasuwar yadi ta Zhongda idonka na yaji, alhali ciniki da mai gajiya riba ce ga mai kaya.

Amma ni ba awannin sama ne suka fi damuna ba, kwanakin da kuɗinka zai yi a ɗaure ne. A Deira kana iya ɗaukar bandir kaɗan-kaɗan, launi daban-daban, ka biya ka tafi. A Guangzhou farashin da kake kwaɗayi sai ka sayi da yawa, wani lokacin ka ba da kafin alƙalami ka jira a saƙa. Daga nan kaya su hau jirgin ruwa zuwa Legas, su fi wata a hanya, kafin a zo maganar kwastan da motar Kano. Duk tsawon lokacin nan da me za ka cika shago?

In ka ga za ka iya jira, to ka nemi bizar Sin tun kana gida, kada ka bari sai ka isa Dubai. Ka yanki tikitin duka zangon a haɗe, ka kwatanta da yankar su ɗaiɗai kafin ka biya. Ka guji ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa don bikin sabuwar shekararsu. A watan Afrilu da Oktoba kuma ana babban baje kolin Canton a Guangzhou, otal yakan yi tsada sosai.

Zuwan farko ka ware mako guda, ka tafi da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na jarinka ba, ka dawo da samfuri da lambobin masu kaya.