Shin da gaske Sarki Offa na Ingila ya musulunta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Zariya. An turo mini bidiyo a WhatsApp cewa wani sarkin Anglo-Saxon, wato Turawan Ingila na dā, mai suna Offa ya musulunta, har ya buga kuɗi da kalmar shahada, Turawa suka binne labarin. Na ba 'yan ajina labarin da murna. Yanzu wata ɗaliba ta ce yayanta ya ce ƙarya ne. Hankalina ya tashi, kada ya zama na koya wa yara abin da ba shi ke nan ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kuɗin dai gaskiya ne, kuma ba wanda ya ɓoye shi, yana nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Musuluntar ce ba ta da tushe.

Offa ya mulki ƙasar Marsiya, a tsakiyar Ingila, daga 757 zuwa 796. Dinarin zinare guda ɗaya tak aka sani mai sunansa. Kwaikwayo ne na dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa, har shekarar da ke jikin na asalin aka kwafo, wato 157 bayan Hijira, wajen 774 ke nan. A fuska ɗaya akwai "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu", a ɗayar kuma "Muhammadur Rasulullah". Tsakanin layukan Larabcin aka cusa OFFA REX, ma'ana Sarki Offa.

To a nan ne masu bidiyo suke yanke hoton, su sa kabbara, su tura. Wallahi duk shekara sai ɗalibi ya kawo mini wannan bidiyon, wani har a cikin aikinsa na kammala digiri. Sai in ce ya buɗe hoton sosai ya juya wayarsa. Idan ka daidaita sunan Offa, Larabcin ya koma kai ƙasa. Idan ka daidaita Larabcin, sunan sarki ya kife. Ga kurakurai a rubutun waɗanda ɗan aji uku a makarantarki ba zai yi ba. Maƙerin da ya sassaƙa shi bai san ina ne sama ba, ina ne ƙasa. A wajensa ado ne kawai. Wane Musulmi ne zai buga shahada a kife da sunan girmama ta?

Sannan a duba rayuwar mutumin. A 786 ya karɓi wakilan Fafaroma Hadrian na Ɗaya. A 787 ya sa aka ɗaga cocin garin Lichfield da ke ƙasarsa ya samu babban bishop nasa, don ya rage ƙarfin na garin Canterbury, a shekarar kuma aka keɓe ɗansa Ecgfrith a matsayin sarki bisa al'adar coci. Ya yi alkawarin aika wa Rum, birnin Fafaroma, tsabar zinare 365 duk shekara. Kuɗinsa na azurfa, waɗanda aka tono da yawa, akwai masu ɗauke da gicciye. A 796, shekarar da ya mutu, Charlemagne sarkin Farankawa ya rubuto masa yana kiransa ɗan'uwa, suna maganar 'yan kasuwa da masu ziyarar Rum. Duk wannan masu bidiyon ba sa faɗa, kuma shi ne yake ba ni haushi: mutum yana neman mabiya da sunan addini, amma ya ƙi karanta shafi biyu.

Me ya sa ya kwaikwayi dinarin? Mai yiwuwa saboda a zamanin shi ne zinaren da 'yan kasuwar tekun Bahar Rum suka yarda da nauyinsa da kyawunsa. Mu ma mun san irin haka. Azurfar nan mai kan Maria Theresa ta Ostiriya, mai shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin Kano da Borno, mata sun yi ado da ita, ba wanda ya ce kakanninmu sun koma Katolika.

Ki koma ajin da hoton, Malama. Ki gode wa ɗalibar a gaban kowa, ki sa su juya hoton da hannunsu su nemo kurakuran. Sai ki gaya musu cewa dinarin Halifa Mansur ya yi darajar da wani sarkin Kirista a can ƙarshen Turai ya ɗora sunansa a kai don a karɓi zinarensa.