Albarkar Gida da Albarkar Kasuwa: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙu huɗu na zaɓa daga cikin waɗanda suka iso mini a wannan mako, dukansu daga cikin garin Kaduna. Masu su ba su san juna ba, amma buƙatarsu ɗaya ce, wato in ɗauki kalma ko karin magana in ce ga ma'anarta guda, a rufe zance. Duk wanda ya zo mini da irin wannan buƙata, nakan fara tambayarsa: wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a ina, kuma me ya gabata kafin a faɗa? Sai na sami amsar waɗannan nake iya buɗe baki, domin kalma a cikin ƙamus tamkar iri ce a cikin buhu, ba a sanin abin da za ta fitar sai an ga ƙasar da ta faɗa.

Wasiƙa ta farko daga wani matashi take, mazaunin Barnawa, wanda ya ce iyayensa Hausawa ne amma a Legas ya tashi. Ya je Kasuwar Barci sayen shadda, ya yi tayi, mai rumfa ya ce masa "albarka", shi kuwa ya sa hannu a aljihu yana murna an sayar masa, sai ya ga mutumin ya naɗe shaddarsa ya mayar da ita kan kanta. Tambayarsa ita ce: "Malam, ashe albarka ba alheri ba ce? Yaya aka yi ta koma a'a?"

Ɗana, alheri ce, kuma har gobe alheri ce. Daga Larabci muka aro ta, kuma a cikin gida tana nan da nauyinta: uwa ta sa wa ɗanta albarka, a ce gona ta yi albarka, a ce wane ɗan albarka ne, har a ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Amma idan ta fito daga bakin ɗan kasuwa bayan an yi tayi, nufinsa shi ne tayinka bai kai ba, sai ka ƙara. Bahaushe ba ya son jefa wa mutum "a'a" tsirararta, balle wanda ya tako har bakin rumfarsa da kuɗi a hannu, saboda haka sai ya ƙi tayin da kalma mai daɗi, ya bar ƙofar ciniki a buɗe. Da ya yarda, "na sallama" za ka ji, ko "kawo kuɗi". Ita kanta sallamar ka dube ta da kyau. Baƙo yakan yi sallama a ƙofar gida, liman yakan sallame salla, likita yakan sallami marar lafiya, ma'aikata takan sallami ma'aikaci, maigida kuma yakan sallami yaronsa na kanti da jari bayan shekaru yana yi masa hidima. Sallamar asibiti abin murna ce, sallamar ofis abin jaje ce, alhali kalmar ba ta sauya ba ko da harafi ɗaya.

Wannan ɗabi'a ta lulluɓe magana tana da faɗi ƙwarai. Almajiri ya tsaya a ƙofa a ce masa "Allah ya ba da haƙuri", ya san babu, ya wuce gaba. Mutum ya miƙe yana fita ya ce "ina zuwa", kowa ya gane tafiya zai yi ya dawo. "Allah ya ƙara" idan an biyo ta da lafiya ko arziki addu'a ce, idan kuwa aka faɗe ta ita kaɗai ga yaron da aka hana hawa katanga ya hau ya faɗo, to, gori ne, ana nufin maganinsa ke nan. Wadda ta fi damuna a cikinsu ita ce "da sauƙi". Na taɓa yin jinyar wani dattijo ɗan'uwana a wani asibiti a nan Kaduna, inda likitan da ke duba shi ya koyi Hausa ne da girmansa. Kullum da safe idan ya zagayo ya ce "Baba, yaya jiki?", sai dattijon ya amsa "da sauƙi, alhamdu lillahi", alhali daren jiya bai runtsa ba, yana riƙe da ƙarfen gado saboda ciwo. Likita yana rubuta cewa ana samun ci gaba, har sai da na ja shi gefe na bayyana masa cewa a wurinmu wannan amsa godiya ce ga Allah da kyautata zato, ko wanda yake gargara ita zai faɗa. Idan ana son labarin jiki na haƙiƙa, sai an wuce gaisuwa an tambaya dalla-dalla: ina ke ciwo, tun yaushe, an yi barci, an ci abinci? Ina roƙon duk mai aikin lafiya da ke karanta wannan fili ya riƙe wannan, domin a nan kuskuren fahimta yana iya taɓa rai.

Ta biyu wata malamar firamare ce daga Unguwar Rimi. Ta ce ɗalibanta suna tuntuɓe idan sun ci karo da kalmomi irin su "gari" da "kuka" da "fari" a littafin karatu, tana son sanin ko laifin rubutun ne.

Malama, akwai rabon rubutu a cikin wannan matsala. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutun bokon da muke amfani da shi yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Garin da ake zama a cikinsa wasalinsa na farko gajere ne, yana farawa da karin ƙasa ya ƙare da na sama. Garin tuwo kuwa wasalinsa na farko dogo ne, ko da yake shi ma da karin ƙasa yake farawa ya ƙare da na sama. Kukan hawaye sama-sama yake tafiya, kukar miya tana farawa sama ta faɗi ƙasa, ga kuma "kuka" ta "ku ne kuka zo", wadda wasulanta duka gajeru ne. "Fari" ya fi su yawan fuska: launi, da ƙarancin ruwan sama, da jam'in fara mai cin amfanin gona, da na ɗan fari, da farin da mace kan yi da ido. A baki kowanne da amonsa, a takarda duk kamarsu ɗaya. Ƙamusun Hausa da wani Bature mai suna Bargery ya wallafa a 1934 ya nuna waɗannan bambance-bambance, haka ma littattafan nahawu na jami'a, amma jarida da littafin karatu sun bar wa jimla wannan aiki, kuma jimla tana yin sa sarai idan an ƙyale ta. Shawarata ita ce kada ki rubuta irin waɗannan kalmomi su kaɗai a allo. Ki sa su cikin jimla, ki koya wa yara su kai ido ƙarshenta kafin su ɗaga murya, domin wanda ya ga "miya" a gaba ba zai karanta kukan hawaye ba. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne zubar da ƙugiyar baƙaƙe da ya zama ruwan dare a saƙonnin waya, inda baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare suke komawa abu guda. Wannan kam mu muka ƙara wa kanmu, tunda rubutun ya riga ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ.

Ta uku ita ta fi jan hankalina. Wani ɗalibin jami'a daga Rigasa ya ce ya lura karin maganar Hausa suna ƙaryata juna: a nan a ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, a can kuma a ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Yana tambaya wanne ne gaskiya, kuma idan duka gaskiya ne, ina amfanin hikimar da ke goyon bayan kowane ɓangare?

Ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana cikin yadda ka ɗauki karin magana tun farko. Ka ɗauke ta kamar doka wadda ke hawa kan kowa a kowane lokaci, alhali ta fi kama da magani a jakar mai magani, wanda kowane ƙulli da cutar da aka tanade shi dominta. Yaron da ya shiga koyon ɗinki wata uku yana son buɗe shagonsa, shi ake gaya wa sannu ba ta hana zuwa. Wanda aka yi wa alkawarin aiki yana ta jan ƙafa wajen kai takardunsa, shi ake gaya wa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Idan ka musanya su ka cuci dukansu biyu. Ashe hikimar tana wurin wanda ya san wadda zai ɗauko da lokacin ɗaukarta, shi ya sa dattawa ke cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Har ila yau, karin magana guda takan juya fuska gwargwadon bakin da ta fito. Ɗauki "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Idan aka faɗa wa wanda aka ƙwace wa gona, lallashi ne, ana ce masa gaskiya za ta yi halinta. Idan malami ya faɗa a gaban mai mulki, gargaɗi ne. Idan kishiya ta faɗa tana shanya a tsakar gida ranar da aka yi wa abokiyar zamanta faɗa, habaici ne, kuma ko ba ta ambaci suna ba saƙon ya isa, tunda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haka nan "bawana" a bakin Bafillace zuwa ga Babarbare, ko tsokanar da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko kaka ta kira jikanta "mijina": dangantakar wasa ce ta halatta su, kuma wanda ba ya cikinta idan ya ari kalmar zai ga ɓacin rai.

Akwai inda nake ganin muna zaluntar karin magana, kuma ba zan ɓoye ba. "Haƙuri maganin zaman duniya" da "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa" magana ce ta gaskiya ga wanda ke jiran abin da ba shi da iko a kansa, kamar damina ko waraka ko haihuwa. Amma sau da yawa wanda ya danne haƙƙi, ko mai goya masa baya, shi ke ɗauko ta ya miƙa wa wanda aka danne, kamar matar da aka hana ci da sha, ko lebura da aka riƙe wa ladan wata uku. A wannan muhalli an mayar da magani ya zama takunkumi. Hausawan da suka yabi haƙuri su ne kuma suka ce tura ta kai bango, kuma mai sulhu na gari yakan fara karɓo haƙƙin kafin ya ba da haƙurin.

Ta ƙarshe gajera ce. Wani magidanci daga Tudun Wada ya sami tsohuwar takarda a akwatin kakansa, an rubuta cewa an sayi gida "jaka biyu", yana son sanin nawa ke nan.

Alhaji, a nan zamani ne muhallin. A lissafin da, jaka ɗaya fam 100 ce. Da Nijeriya ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, sai jaka ta zama naira 200, kuma har yanzu akwai tsofaffin da ke ƙirga kuɗi da fam da jaka a kan wannan ƙa'ida. Saboda haka jaka biyu fam 200 ce, ko naira 400. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ka, domin kwabon da yau ba a ko ganinsa shi ne kuɗin jarida guda lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Sai dai ka duba inda aka rubuta takardar, saboda sunayen kuɗi suna sauyawa da ƙetare iyaka: a Maraɗi ko Damagaram idan aka ce dala, sefa 5 ake nufi, ba kuɗin Amurka ba, ba dutsen Dala na Kano ba, ba kuma dalar gyaɗa ba. Idan akwai shekara ko hatimin alƙali ko na mai unguwa a jikin takardar, ka aiko mini da hotonta in duba maka sauran kalmomin da ke ciki.