Tambayi likita: taifot ɗin da ya ƙi ƙarewa, ja-da-yalo, da maganin kaji

Tambaya: Salam likita, barka da aiki. Ni dai duk bayan wata biyu uku sai zazzaɓi da ciwon kai su kama ni, in na je leb a ɗebi jini a ce taifot ne a ban sifro, to yanzu ko na sha ma ba na jin daɗin jikina. Wai taifot ba ya warkewa ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Taifot na warkewa sarai, ina ma shakkar in shi ne ke damunka duk wannan lokacin. Ƙwayar da ke kawo shi sunanta Salmonella Typhi, a jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa, tana fita ta bayan gida ta shiga ruwa ko abinci wani ya ci. Gwajin da aka fi yi mana wato Widal ba ƙwayar yake gani ba, alamar da jiki ya bari ne ta cewa ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta, to mu da muka tashi da ruwan rijiya da na 'yan garuwa ai da yawanmu ko lafiyarmu lau za a ga wani abu a takardar. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar a leb na 'yan kwanaki, in ta fito a gwada ta da magunguna a ga wanne take ji. Ka je babban asibiti ka nemi wannan kafin ka ƙara shan komai, a duba maleriya da sauransu.

Abin da ke tada min hankali shi ne sifron nan da kake ta sha. Duk shan da ka yi yana kashe masu rauni cikin ƙwayoyin hanjinka ya bar masu taurin kai su hayayyafa, kuma su ƙwayoyin nan suna iya miƙa wa junansu wannan taurin kan ko da ba jinsinsu ɗaya ba. A 2016 a garin Hyderabad na Fakistan aka samu ɓarkewar wani taifot da ya daina jin su kuloramfenikol, amfisilin, seftirin, sifro har da allurar seftiriyazon, sai da ƙasar ta shigar da rigakafin taifot cikin alluran yara a 2019. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi muni. Taifot na gaske kuwa in magani ya ƙi ci har hanji yake hudawa sai an yi tiyata.

Tambaya: Dakta yarona shekara biyu, da ya fara zawo nake ba shi filajin in fasa masa ja-da-yalo a koko, amma surukata ta ce in ƙara da seftirin. Wanne ya fi? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya dan Allah ki bar su duka ukun. Ja-da-yalo ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙora. Mafi yawan zawon yara ƙwayar bairos ce ko wata da jiki ke korewa da kansa, maganin kashe bakteriya ba abin da zai mata. Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka ORS za ki haɗa ki dinga ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan ya yi zawo, in babu ki samu ruwa mai tsafta lita ɗaya ki sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, sai ƙwayar zinc kullum kwana 10 zuwa 14, kar ki daina ba shi abinci ko nono. Amma in kin ga jini a kashin, ko zawo kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa ya kasa shan komai, to asibiti maza, can ne za a zaɓi maganin da ya dace. Har mai jinin ma ba a gaggawar ba shi maganin kashe bakteriya, don akwai wani nau'in ƙwayar E. coli da in aka sa masa magani dafinsa ke iya taɓa ƙoda. Dangin wannan ne ya kashe mutum sama da 50 a Turai a 2011, yawancinsu a Jamus, aka bi diddigi aka gano daga tsiron hulba ne da aka shigo da irinta daga Masar.

Tambaya: Ina kiwon burola, tun suna 'yan tsaki nake zuba musu magani a ruwa har a sayar, haka kowa ke yi. Wai yana da illa ga mutane? Daga wani mai gidan gona a Kaduna.

Amsa: Yana da ita Alhaji, na kuma san tsoron asara ne ke sa ku, ba mugunta ba. Hanjin kaza gida ne na ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter ko tana da lafiya, maganin da kuke zubawa kuma irin namu ne na mutane, to kullum suna sha ƙwayoyin na sabawa, daga nan su biyo nama a wurin fiɗa, su biyo kashin kajin da kuke sayar wa masu noman rani a zuba wa latas da kabeji. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don su yi saurin girma. A 2015 masu bincike a Sin suka gano ƙwayoyin da ba sa jin kolistin a jikin aladu da naman kasuwa da marasa lafiya, shi kuwa kolistin maganin da muke ajiyewa ne sai komai ya gaza. Ka riƙe rigakafi da tsaftar keji da rage cunkoso, magani sai sun kamu kuma likitan dabbobi ya rubuta, in ka daina ba su maganin ka kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin ledarsa su cika kafin ka sayar.

Tambaya: Likita wanke salak da ruwan gishiri ya wadatar? Daga wata mai sayar da abinci a Kano.

Amsa: Yana ragewa 'yar'uwa amma bai kashe su duka, tsaftar ruwan ita ce kan gaba. Ki ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya ki wanke ki sake ruwa, wuƙa da katakon da kika yanka ɗanyen nama kar su taɓa salak sai an wanke da sabulu, naman kaza ya dahu har ciki ba ja. Shinkafa da miya kar ki bari su wuce awa biyu a ajiye ba firij ba a kan wuta ba, musamman da zafin nan, don sake dafawa ba lallai ya kashe dafin da ƙwayoyi suka bari a ciki ba, wanda ya kwana a haka kuwa kar ki sayar.