Wace ƙaramar bindiga ta .22 ta dace da mai koyon harbin allo?

Malam, ka ce kana neman ƙaramar bindigar hannu mai cin ƙaramin harsashin nan na .22 LR don wasan harbin allo kawai, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka. Ni dai Ruger Mark IV zan ce maka, mai kaurin bututu na inci 5.5. In ba ta zauna maka a hannu ba, gwada Browning Buck Mark. Dukansu bututunsu a kafe yake, ba ya motsi yayin harbi, kuma nauyinsa na danne hannu, saiti ba ya rawa. 'Yan ƙananan nan na aljihu kuwa ka bar su, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta yi gajarta, a mita 25 za ka sha wahala.

Abin da ya sa na fifita Mark IV shi ne wanki. Harsashin .22 akwai datti, kakin jikinsa da toka kan taru har bindiga ta fara cijewa. Tsohuwar Mark III da na riƙe, haɗa ta bayan wanki sai da na yi gumi, har na riƙa ƙyuyar wankewa. Mark IV da ta fito a 2016 kuwa maɓalli ɗaya za ka danna a baya ta rabu biyu. Sharaɗi ɗaya dai: kafin ka sayi harsashi da yawa, gwada iri biyu ko uku, don kowace bindiga da wanda take so. Tawa ta fi jituwa da harsashin CCI Standard Velocity.