Waya tana caji amma hotuna sun ƙi fitowa a kwamfuta

Malam, ka ce ka jona wayarka ta Android da kwamfuta don kwashe hotunan sunan ɗanka, tana caji amma babu abin da ya bayyana. Allah ya raya mana shi.

Fara buɗe makullin wayar tukuna, domin muddin tana kulle kwamfuta ba za ta ga komai ba. Sai ka jawo allon daga sama, ka taɓa sanarwar USB, ka zaɓi "File transfer". Idan sanarwar ba ta fito ba sam, na fi zargin igiyar. Wasu igiyoyin wuta kawai suke ɗauka, ba sa ɗaukar bayanai, kuma a ido ba ka bambance su. Ari ta wani ka gwada.

Hotunan da ka ɗauka suna cikin foldar wayar mai suna DCIM, a cikin wata folda mai suna Camera. Don Allah kwafa (copy) za ka yi, kada ka yanke (cut). Igiya tana iya motsi ana tsakiyar aiki, hoton ranar suna kuwa ba a sake ɗaukarsa. Buɗe wasu a kwamfutar ka tabbatar sun shiga lafiya kafin ka goge na wayar.

Kada ka tura su ta WhatsApp, yana rage musu inganci.